Addu'ar da Ta Hau Shafin Farko

Tun da Abdulbaƙi ya zama wakilin jaridar nan da mutanen Bauchi ke kira Mai Zakara, saboda zakaran da ke zane a goshinta, burinsa ɗaya ne: ya ga sunansa a shafin farko. Jarida ce ta Turanci, a Abuja ake buga ta, ana kai ta ko'ina a ƙasar nan. Labaran da yake aikawa daga Bauchi kuwa can ciki ake cusa su, kusa da sanarwar sauya suna da tallan maganin basir.

Ranar wata Litinin, ana gab da zaɓen shugaban ƙasa, burin ya cika. Da ya isa teburin mai jarida a Wunti ya tarar 'yan karatun kyauta sun yi dafifi, masu zuwa kullum su karanta a tsaye su tafi ba su sayi ko ɗaya ba. Mai Zakara ta fito fili a wannan karon. Shekara da shekaru tana cewa ba ruwanta da kowa, alhali kowa ya san inda take karkata, yau dai ta rubuta da manyan baƙaƙe cewa cikin manyan 'yan takarar biyu Injiniya ne zaɓinta, ba Sanata ba. A ƙasan wannan sanarwa ga hoto ya cinye rabin shafi: Injiniya zaune a kan tabarma, kusa da shi wani dattijo mai farin rawani, dukansu sun ɗaga hannuwa sama. An rubuta cewa babban malamin Bauchi, Modibbo Hammajoda, ya yi wa Injiniya addu'ar samun nasara. A gefen hoton, da ƙananan baƙaƙe, ga sunan wanda ya ɗauka.

"Ga mai hoton nan ma!" in ji wani tela da ba ya fashin zuwa. "Ɗan jarida, ashe tsohon naku ya shiga layi? Mu da muke cewa Modibbo ko hular jam'iyya aka ajiye masa sai ya sa an wanke wurin."

"Kowa da ranarsa," wani ya amsa. "Ai ba a ƙin ta mutane. Wa ya san abin da aka shiga da shi zauren?"

Aka kwashe da dariya. Abdulbaƙi ya yi yaƙe, ya ce sauri yake yi, ya hau babur ɗinsa. Sai da ya yi nisa ya lura ko kwafi ɗaya bai ɗauka ba, shi da ya yi niyyar sayen uku ya sa ɗaya a gilashi.

Ba addu'ar nasara ba ce. Shi ya fi kowa sani, domin a kan tabarmar yake zaune lokacin da ya ɗauki hoton. Zaman makokin Goggo Hamsatu ne, matar Modibbo, ƙanwar mahaifin Abdulbaƙi, wadda ta riƙe shi tun yana firamare har ya gama jami'a. Al'adar zaman makoki kuwa ba ɓoyayya ba ce: duk wanda ya zo ta'aziyya, mai kuɗi ne ko mai tura baro, zai zauna, a ɗaga hannu a yi wa mamaci addu'a, a shafa, ya tashi ya ba wani wuri. Ba a korar mai gaisuwar mutuwa, ba a kuma tambayarsa jam'iyyarsa. Sanata ya zo ranar sadakar uku da ayarinsa, aka ɗaga hannu. Washegari Injiniya ya shigo gari taron kamfe, ya biyo, aka ɗaga hannu. Duka biyun Abdulbaƙi ya ɗauka a wayarsa. Ɗaya ya aika.

Da Badaruddini, editan labaran Arewa, ya kira shi daga Abuja a makon da ya wuce, cewa ya yi, "Za mu fito mu goyi bayan Injiniya, amma masu jaridar suna son hoton da zai nuna Arewa ma tana tare da shi. Kana da wani abu?"

Yana da shi. Ya tura, ya rubuta a ƙasa cewa Modibbo Hammajoda ne yake addu'a tare da Injiniya a gidansa. Babu ƙarya ko ɗaya a ciki. Badaruddini ya sake kira cikin zumuɗi. "Kai, wannan ai zinariya ce! Neman albarka ya je ke nan?"

"Ai ka ga hoton, Oga," in ji Abdulbaƙi.

Iyakar abin da ya faɗa ke nan, kuma a lokacin bai ji komai ba sai daɗi. Shi da gaske yake son Injiniya. Ya gaji da ƙasar da asibiti ba magani, makaranta ba rufi, matasa da digiri suna tuƙa keke, manya kuma in an yi magana su ce sai haƙuri. Ya fi jin haushin masu shiru a kan ɓarayin ma, domin ɓarawo dai an san sana'arsa. Sau nawa yana zama gaban Modibbo yana cewa, "Baffa, shirun irinku ne ya kawo mu nan. Kalma ɗaya daga bakinka ta fi taron kamfe goma." Modibbo sai ya yi murmushi ya ce, "Mai rabon faɗa ba ya riƙe sanda, Abdulbaƙi." Shi kuwa ya ɗauki wannan a matsayin irin zancen da tsofaffi ke fakewa da shi don kada a taɓa su. Da ya tura hoton, har ya gaya wa kansa cewa taimakon tsohon ya yi: ya fitar masa da maganar da ya kasa furtawa.

Abin da bai tsaya ya auna ba shi ne zaman sulhun mashayar shanu. Kowace shekara in rani ya fara tsanani, manoman Miri masu noman fadama da makiyayan da ke saukowa da shanu neman ruwa sukan haɗu a zauren Modibbo, a shata hanyar da shanu za su bi zuwa rafi ba tare da sun shiga albasa da tumatir ɗin mutane ba. Ba hukuma ce ta naɗa shi ba. Makiyaya sun yarda da shi domin jininsu ne, kakansa da sanda ya shigo Bauchi. Manoma, Musulminsu da Kiristansu, sun yarda da shi domin an sha ganin ya ba nasa rashin gaskiya a gaban jama'a. Tun da aka fara wannan zama ba a sake zubar da jini a fadamar ba. Na bana an sa shi ranar Alhamis mai zuwa. Ga shi kuma Injiniya ya yi ta alkawarin buɗe tsofaffin burtali, hanyoyin shanu, a duk inda ya je, abin da makiyaya ke murna da shi, manoma kuwa suke jin kamar gonakinsu ake rabawa tun ba a yi zaɓe ba.

Abdulbaƙi bai nufi ofis ba, gidan Modibbo ya nufa a cikin gari. A tsakar gida ya tarar da Jannatu, 'yar Modibbo, malamar makarantar sakandare, tana shanya kayan mahaifiyarta da za a rabar. Taubashiyarsa ce, tun suna yara ba ta taɓa kiran sunansa ba. Ɗan jaridar ƙosai take ce masa, wai aikinsa ba ya kwana sai an naɗe ƙosai da shi. Shi kuma ya ce mata uwar alli.

"Sannu da zuwa, Malam Abdulbaƙi," ta ce, ba ta ɗago ba.

Da ta zage shi da ya fi masa sauƙi.

"Kin gani ke nan."

"Ban gani ba, ji na yi. A rediyo, cikin sharhin jaridun safe, sun fassara shi da Hausa tas, har sau biyu. Baba yana lazimi ya ji sunansa." Ta yarfa wani zane ta rataya a igiya. "Wannan zanen ka gane shi? Shi ta ɗaura ranar da ka gama jami'a, ta hau mota har Maiduguri da ciwon ƙafarta. Mu muna kuka a ciki, kai kana waje kana neman inda haske ya fi kyau."

"Jannatu, ban rubuta addu'ar nasara ba. Wallahi su suka ƙara."

"Ka rubuta zaman makoki ne?"

Ya kawar da kai, ya dubi zanen da ke kan igiya.

"To." Ta ɗauki bokitin. "Baba Jesse, shugaban manoma, ya bugo waya daga Miri. Ya ce matasansu sun ce ba za su zo ranar Alhamis ba."

"Baffa fa? Me ya ce?"

"Ya tambaya ko ka karya. Ya ce in ka zo a ba ka kunu."

Bai iya shiga wurin Modibbo ba. Ya fita ƙofar gida ya kira Abuja. Badaruddini ya ɗauka cikin fara'a, yana cewa masu gida sun yaba, har an yi maganar ƙarin girma.

"Oga, hoton nan na ta'aziyya ne. Matarsa ce ta rasu. Sanata ma ya zo, an yi masa irin wannan addu'ar, ina da hoton. Dole mu gyara."

Badaruddini ya ce, "Abdulbaƙi, ni ɗan Zariya ne. Ka ɗauka ban san tabarmar makoki ba in na gan ta? Na ga butoci, na ga mutanen da ke bayansu ba mai dariya. Shi ya sa na tambaye ka, kai kuma ka ba ni amsar da ka ba ni."

"To mu buga na Sanatan gobe, a wuri ɗaya, girma ɗaya."

"A makon da muka ce Injiniya muke yi? Ka san wanda ya sa hannu a kan sanarwar nan? Ba ni ba ne, ba kuma editan da ke samana ba." Ya sassauta murya. "Zan nema maka gyara. Amma kada ka sa rai da shafin farko, shafin farko ba ya neman gafara. Kuma kai da kake ta yi mana wa'azin a daina zaman 'yan ba-ruwanmu, yau an daina, sai kuma ka dawo kana kuka?"

Wannan ce ta fi yi masa ciwo, domin gaskiya ce. Har yanzu yana ganin daidai ne jarida ta fito ta faɗi wanda take so, da sunanta, ta ɗauki abin da zai biyo baya. Abin da ya kasa haɗiyewa shi ne jaridar ta faɗi nata da bakinta, shi kuma ya ari bakin wani ya ci mata albasa, bakin mutumin da ko kwana bakwai bai yi da binne matarsa ba.

Da la'asar ya kama hanyar Miri. Ya sami Baba Jesse, shugaban manoman fadama, a bakin gonarsa yana fama da injin ban ruwa da ya ƙi tashi. Tsoho ne gajere mai faɗin ƙirji, tsohon soja, Hausarsa irin ta bariki, wadda ba ta damu da mace ko namiji ba. Matasa huɗu ko biyar na zaune a kan buhunan taki, suka bi Abdulbaƙi da ido.

Abdulbaƙi ya gaida Baba Jesse, ya durƙusa, ya miƙa masa wayar. "Baba, duba. Ga Sanata a kan tabarmar nan dai, ga hannu a sama. Addu'ar mamaciya ce. Laifina ne, ba na Modibbo ba."

Baba Jesse ya goge hannu a wando, ya karɓa, ya nisanta wayar daga idonsa. Sai ya yi dariya, ya nuna gefen hoton da yatsa mai baƙin mai. "Ka ga wannan kunne? Nawa ne. Ina wurin, yaro. Ni ma ya ɗaga mini hannu, ni da nake zuwa coci. Matar nan ya sha ba ni fura, ba zan je gaisuwa ba?"

"To ka gaya musu mana, Baba!"

"Na gaya musu tun safe. Tambaye su."

Wani dogo daga cikin matasan ya miƙe. "Mun ji, ta'aziyya ce. To me ya sa na Injiniya ya fito, na Sanata bai fito ba? Wa ya ɗauka? Ɗan gidan. A gidan aka goya ka, ko ba haka ba? Kana so mu yarda ɗan gida zai kai hoton uban gida jarida ba da saninsa ba?"

"Wallahi bai sani ba."

"Kai dai ka ce. Jiya da yamma lafiya lau muke da yaran rugar can. Yau da safe sun wuce ta nan suna ɗaga mana waya, suna cewa Modibbo ya gama magana, burtali zai dawo har cikin albasarmu. Mu je zauren mu zauna a yanka mu da wuƙar da aka riga aka wasa? Caji ofis za mu kai maganar, a rubuta, a buga hatimi."

Baba Jesse ya miƙa wa Abdulbaƙi wayarsa. "Ka ji. A da in na ce mu je wurin Modibbo, ba mai tambaya. Ba don ya fi kowa ilimi ba, don ba wanda ya taɓa ganin shi a gefen wani. Yanzu an gani. Ko ƙarya ne, an gani." Ya koma kan injinsa. "Caji ofis kuwa ka san yadda yake. Za a kama shanu, za a kama yara, kowa ya sayar da abin da yake da shi ya yi beli, a dawo ana harara. Amma ni tsoho ɗaya ne."

Abdulbaƙi ya sa hotunan biyu a shafinsa na Fesbuk a daren, ya rubuta bayani dalla-dalla, ya amsa laifinsa. 'Yan Injiniya suka ce an saye shi. 'Yan Sanata suka ce asiri ne ya tonu ake ɓoye-ɓoye. Hoton shafin farko kuwa ya riga ya zaga duk wayoyin jihar, har an buga shi a fosta an manna a jikin kekuna.

Ranar Alhamis gyaran ya fito. Layi biyu ne a can ciki, tsakanin wata mata da ta sauya suna da tallan fili a Gwallameji. Ya saya, ya naɗe, ya tafi da shi gidan Modibbo.

An share zaure an shimfiɗa tabarmi kamar kowace shekara, na manoma a dama, na makiyaya a hagu, buzun Modibbo a tsakiya. Jannatu ta dama fura cike da ƙwarya biyu. Arɗon makiyaya ya zo da dattawansa tun hantsi, suka zauna a nasu gefen. Gefen dama ba kowa. Abdulbaƙi ya zauna a bakin ƙofa, inda takalma suke, jaridar tana cikin aljihunsa ya kasa fito da ita.

Modibbo ya rame tun rasuwar, rawanin ma kamar ya yi masa yawa. Ya yi ta jan Arɗo da hirar farashin dusa da ciwon da ke kama maruƙa bana, kamar ba jiran kowa ake ba. Can ya dubi ƙofa.

"Abdulbaƙi, matso mana. Ka zama baƙo?"

Ya matso, ya durƙusa. "Baffa, ni ne na..."

"Na sani, an karanta mini sunanka. Goggonka ta so ta ga sunan nan a gaban jarida, kullum sai ta tambaya." Ya gyara zama. "Da ka tambaye ni wanda zan zaɓa, da na gaya maka, ai ina da ƙuri'a kamar kowa. Ba ni da ra'ayi ne ka ɗauka? Ajiye shi nake yi a ɗaka, saboda mutanen nan su sami wuri ɗaya a garin nan da za su shiga ba su tambayi na wane ne ba."

Bai ƙara ba, bai kuma ɗaga murya ba. Abdulbaƙi ya koma wurinsa a bakin ƙofa.

Ana gab da kiran azahar aka ji tsayuwar babur. Baba Jesse ne, shi kaɗai, da hularsa ta soja. Ya cire takalmi ya shigo, amma bai hau tabarmar dama ba, ya tsuguna a gaban buzun.

"Modibbo, na ce ba zan aiko ba, da ƙafata zan zo. Yara sun kai takarda caji ofis tun jiya. An kira Arɗo gobe." Ya juya ya dubi Arɗo. "Ka yi haƙuri, makwabci. Ba haka na so ba."

Arɗo ya kawar da kai. "Mu ma namu yaran ba su kyauta ba."

"Allah ya sa a gama lafiya," in ji Modibbo. "Duk wanda ya raba ku, in dai an rabu lafiya, ni ya yi wa aiki. Jesse, ba za ka tafi ba ka sha furar nan ba. Ba irin ta mai ɗakin ba ce, amma 'yarta ce ta dama."

Baba Jesse ya sha, ya goge baki, ya yunƙura zai tashi. Modibbo ya ɗaga hannuwa kamar yadda yake yi wa duk wanda zai bar zaurensa. Arɗo ya ɗaga, dattawansa suka ɗaga, tsohon sojan ma ya buɗe tafukansa masu baƙin mai. Haske ya shigo ta ƙofa ya sauka a kansu su uku. Abdulbaƙi ya ji hannunsa ya tafi aljihun da wayarsa take da kansa. Ga hoton gaskiya, wanda in mutanen Miri suka gani, wataƙila...

"Abdulbaƙi," in ji Modibbo, bai ko waiwayo ba, "da hannu biyu ake roƙo."

Ya zare hannun daga aljihu ya ɗaga.

Da aka shafa, kowa ya nemi takalminsa. Modibbo ya tashi da ƙyar ya shiga alwala. Jannatu ta leƙo ta ɗauki ƙwaryar da ba a taɓa ba, ta tsaya tana kallon zauren.

"A bar tabarmin ne, ko wani zai zo?" Abdulbaƙi ya tambaye ta.

"Baba ya ce a naɗe," ta ce. "Ka fara da na dama, su ba su yi datti ba."